Zanin Saƙi a Ƙasan Akwatin Inna

Mun tashi da asuba jiya Asabar daga Kharj, garin da muke zaune a Saudiyya, mu huɗu a mota: maigida yana tuƙi, ni a gefensa, Inna mahaifiyata a baya, sai 'yata ta fari mai shekara sha uku, wadda ta maƙale a jikin ɗaya ƙofar ta bar kujerar tsakiya fayau. Ƙannenta biyu mun bar su wajen maƙwabciya. Ku masu bibiyata da kuka dame ni da ina hotunan Riyad, ku yi haƙuri, hannuna rawa yake a hoto, rabinsu silin na ɗauka. Labarin dai ga shi, kuma sai na ɗan koma baya kafin ku gane abin da ya fitar da mu cikin sanyin nan.

Wata guda ke nan da Inna ta zo mana ziyara, zuwanta na farko. Mun kai ta umara, ta huta, jirginta na komawa Kano gobe Litinin. Ita yarinyar a nan aka haife ta, makarantar Larabci take yi, rabonta da gida tun tana shekara huɗu. Ranar da za mu tari Inna a filin jirgi sai da ta kwana biyu tana bitar gaisuwa, ta sa aka saya mata furanni. Da Inna ta fito ta je ta sumbaci kanta yadda 'ya'yan Larabawa ke yi wa kakanninsu. Inna ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa ta ce, "Wannan ce? Kai, an cuce ni! Duk madarar Saudiyya a ce goshi kawai aka tara? Mummuna, matsa ki ba ni wuri."

Duk wanda ya tashi a gida ya san amsar wannan magana. Cewa za ki yi, "Ke tsohuwa, da wane haƙorin kike magana?" a yi dariya a rungume juna. To tawa ba ta sani ba. Ta tsaya da furanni a hannu, idonta ya ciko, tun daga ranar kuma ba abin da ke haɗa ta da Inna sai "na'am" da "a'a". Na ja ta kicin na ce mata wasan kaka da jika ne, haka ake nuna so a wajenmu. Ta ce, "Mama, a gaban mutane? Ko wasa ne ba na so." Ɓangaren Inna kuwa bakina a ɗaure yake. 'Yar fari ce, ko sunanta ban taɓa kamawa a gaban Inna ba, ina ni ina zuwa in ce a sassauta wa 'yata? Maigida kuma suruki ne, ko abinci ba ya iya ci a gabanta. Inna ta ga yarinya ta yi shiru sai ta ƙara wuta, wai ko za ta tanka. Abin ya ƙara lalacewa. A sati na uku ta daina tsokanar gaba ɗaya, ta koma ce mata "sannu 'yan mata" kamar baƙuwa, kuma wallahi wannan ya fi tayar min da hankali. Ranar Alhamis muna ninke kaya ta ce min, "Yarinyar nan ƙyamata take. Ba laifinta ba ne, ba ta san ni ba. Ni kuma ba na jin ƙafafun nan za su sake hawa jirgi." Na ci gaba da ninki.

Saboda haka a baki dai mun fito sayen dabinon tsaraba ne da kallon babban gidan tarihi na Riyad. A zuciyata kuwa so nake in kulle su a mota ɗaya in ga ko Allah zai kawo mafita kafin Litinin.

Hanyar Kharj zuwa Riyad tafiyar kamar awa ɗaya ce, shimfiɗaɗɗiya, ba rami ba gargada. Manyan motocin madara da na kayan gona ne suka fi yawa a wannan lokacin. Maigida yana taka mota yana ɗagawa saboda kyamarorin da ke kama masu gudu, don a nan ba mai tare ka, saƙon tara kawai za ka gani a waya. Inna ta yi ta leƙe tana jiran shingen da za a tsayar da mu, da ta ga shiru ta ce, "Yanzu duk tafiyar nan ba wanda zai ce a ba shi na goro?" Da gari ya fara wayewa ta dubi filin Allah ba itace ba ciyawa ta ce ita dai tausayin awakinsu take ji. Mun wuce Birnin Masana'antu na Biyu daidai lokacin da motocin ma'aikata ke shiga, kowa ya naɗe kai da mayafi ya jingina da gilashi yana ƙarasa barcinsa. Yarinyar ta toshe kunnuwa da wayar sauraro.

Kasuwar Utaiqa muka fara sauka. Mai son dabino da araha ya zo nan da sassafe, kuma ya zo da ciki ba komai, don kowane mai shago sai ya ce ka ɗanɗana. Dabinon da ake kira sukari, mai taushin, mun same shi riyal talatin da biyar kwali, busasshen da ya fi jure tafiya bai kai haka ba, ajwa kuwa tsadarta ko a nan ba ta da sauƙi. Inna ta ɗanɗana kala bakwai ta kushe shida. Muna cikin haka wani dattijo mai tura amalanken kaya ya ji Hausarmu ya matso ya gaishe mu. Inna ta tambaye shi mutumin ina ne, ya ce Damagaram. Ai kuwa sai ta gyara tsayuwa ta ce, "Ikon Allah, ashe bayin namu har nan suka iso! Maza ɗauki kayan uwar ɗakinka." Shi kuma ya ce, "Wa ya bar Bakanuwa ta shigo kasuwa? Jama'a kowa ya riƙe aljihunsa!" Suka yi ta yi, ita ta ce sun zo Kano da yunwa an ba su tuwo, shi ya ce Kanawa ko gaisuwa sai sun nemi ragi. Ya kai mana kaya har mota, maigida ya yi ya yi ya karɓi wani abu ya ƙi, ƙarshe ma shi ya ƙara wa Inna ƙullin dabino ya ce ta kai wa talakawansa na Kano. Na saci kallon yarinyar, na ga ta cire abin kunne ɗaya tana kallonsu baki buɗe.

Karin kumallo a Batha muka yi. Wanda bai san Batha ba, nan ce tsohuwar kasuwar tsakiyar gari, shagunan waya da na agogo da na aika kuɗi gida a cushe, kowane yare na duniya kana jin sa a bakin titi. Mun sami wani ɗan shago mai ɓangaren iyali, aka kawo mana tamis, wato faffaɗan burodin da ake gasawa a tanderu, da ful, waken da aka dama da man zaitun, da shayi mai madara da citta. Duka bai kai riyal ashirin ba. Inna ta ce waken ba laifi amma an yi masa rowar yaji, ta zaro ƙullin yajinta daga jaka ta gyara shi. Wannan ƙullin har Makka ya je.

Ƙarfe tara da 'yan mintuna muka isa gidan tarihin, ba nisa daga Batha. Gini ne mai launin yashi, ga lambu da dabinai kewaye da shi, ga tsabta kamar a zuba abinci a ƙasa a ci. Ba a karɓi ko riyal a hannunmu ba. A bakin ƙofa wata ma'aikaciya ta dubi Inna ta turo keken guragu. Inna ta ce, "Ni gurguwa ce? Ni da na yi ɗawafi da ƙafata?" Sai da maigida ya ce mata ɗakunan takwas ne, hawa biyu, sannan ta zauna tana mita. Nan kuma ya yi wata dabara da ban san ya iya ba: ya dafe ƙugu ya ce bayansa ya riƙe saboda tuƙi. Ni ma na rungume jakunkuna biyu na kawar da kai. Yarinyar ta dube shi, ta dube ni, ta kama keken ta fara turawa.

Abu na farko da za ka ci karo da shi wani baƙin dutse ne da aka ce daga sama ya faɗo cikin hamada. Inna ta ce Allah ya sa ba kan kowa ya faɗo ba. Gaba kaɗan ga ƙwarangwal ɗin wata dabba mai kama da giwa, tsayinta ya kusa taɓa rufi. Abin da ya fi tsayar da ni shi ne duwatsun da mutanen zamanin baya suka yi wa zane, raƙuma da gada da maharba riƙe da baka, an ƙwarzane su da hannu tun kafin a san takarda. Wani raƙumin ka rantse yanzu zai ɗaga ƙafa. A ɗakin mutum-mutumi Inna ta ja mayafi ta rufe ido tana a'uziyya, ta ce a wuce da ita da sauri, ita ba ta zo Saudiyya kallon gumaka ba. Yarinyar ta ƙara sauri. Da muka hau sama muka shiga wajen tsofaffin Alƙur'anai rubutun hannu, masu ado da ruwan zinare da shuɗi a gefe, Inna da kanta ta ce a tsaya. Ta daɗe tana kallo, ta ce tawadar malamin nan ba ta yi ruwa ba.

Inda bakinta ya buɗe sosai shi ne inda aka gina unguwar mutanen da, da gidajen ƙasa da azara da ƙofofin katako masu fentin ja da kore da rawaya. Ga dutsen niƙa, ga salkar ruwa, ga gugan fata, ga akushi, kowanne an sa shi cikin gilashi an haska masa fitila. Inna ta riƙe haɓa ta ce, "Yanzu wannan ne abin kallon? Da na sani ai da na kwaso musu kayan ɗakina." Ta yi ta nuna mana yadda ake riƙe kowanne, ta ce dutsen niƙan can an ci shi ta gefe ɗaya, mai shi bahaguwa ce. Ni kaina sai na ji wani iri. Irin gidan da muka rushe a ƙauye muka yi na bulo, shi ne nan aka sa wa na'urar sanyi ana zuwa kallo.

A ƙarshen wannan ɗakin an kafa baƙin tantin gashi, an shimfiɗa darduma, wata dattijuwar Balarabiya na zaune tana kaɗin gashin tumaki don masu ziyara su gani. Inna ta buga hannun keke ta ce, "Tsaya!" Kafin mu ankara ta sauka ta zauna a dardumar. Maigida ya ga wajen mata ne ya ja baya. Inna makaɗiya ce tun tana budurwa, zaren da ta kaɗa da shi aka yi mana sutura muna yara. Mazarin Larabawa ba irin namu ba ne: nasu katako ne mai kai a sama, a cinya ake murza shi, namu kuwa siririn tsinke ne mai dunƙulen yumɓu a ƙasa, ana shafa alli a yatsu. Inna ta miƙa hannu, matar ta ba ta. Karon farko zaren ya tsinke, Inna ta ce gashi ba auduga ba ne, a yi mata uzuri. Karo na biyu ya tafi siriri sumul, matar ta ce masha Allah ta fara zubo tambayoyi.

A nan asirina ya tonu. Shekara goma sha biyar ina aikin jinya a ƙasar nan, amma Larabcina na asibiti ne: ina ke ciwo, buɗe baki, kwanta, sha magani. Ita kuma matar Larabcin ƙauye take yi, ko rabi ban kama ba. Ba yadda za a yi, yarinyar ta durƙusa tsakaninsu ta zama tafinta, da Hausarta mai ɗingishi. Matar ta tambayi wa ya koya wa Inna, a ina ake samun auduga, da me ake rini. Sannan ta ce har yanzu tana yi?

Inna ta ce, "Ce mata ido ya yi rauni, na daɗe da ajiyewa. Bara ne na sake ɗauka, wata bakwai ina kaɗi, na kai wa wani tsohon masaƙi da ya rage a ƙauyen gaba da mu, aka kai marina. Zani ɗaya ya fita."

Yarinyar ta fassara. Matar ta ce na wa ne?

Inna ba ta ɗago ba, tana ta murza mazari. Ta ce, "Ce mata na wata mummunar yarinya ce da aka haifa min a ƙasarsu. A al'adarmu haihuwar fari a ɗakin uwa ake yi, ni ya kamata in yi mata wankan farko in goya ta. Ban samu ba, sai da ta yi ƙafa na gan ta, sau ɗaya. Jikokina sun fi ashirin, ita kaɗai ce ban goya ba, ita ce kuma ba na kwana ban tuna ba. Na ce tunda goyo ya wuce, bari in yi mata abin da za ta ɗaura. Yana nan ƙasan akwatina wata guda, na rasa ta inda zan miƙa mata, don ba ta zuwa kusa da ni. Jibi zan koma da abina."

Jama'a, ban taɓa jin wannan magana ba. Ni na ɗauki akwatin nan daga filin jirgi, ban san da zanin ba. Yarinyar ta fara fassarawa, kalmar "mummuna" ma sai da ta faɗe ta da Larabci da bakinta. Tana zuwa wajen goyo ta fara sarƙewa, ta lallaɓa dai ta kai ƙarshe. Matar ta ajiye gashin da ke hannunta ta ce, to wace ce wannan yarinyar, tana ina? Wannan kam ko ni na gane. Yarinyar ta sunkuyar da kai ta ce, "Ana." Wato ni ce.

Matar ta dubi Inna, ta dubi yarinyar, ta kama hannun wannan ta ɗora a kan na wannan, ta koma kan kaɗinta. Ni kuwa na juya ina karanta bayanin wani turmi da ban ga ko harafi ɗaya a cikinsa ba.

Ɗakin ƙarshe na aikin hajji ne, da hanyoyin da mahajjata ke bi a da, da wani yanki na rigar Ka'aba. Inna ta ba da labarin kakanta da ya tafi Makka a ƙasa ya shekara bakwai, yarinyar tana turawa a hankali tana saurare. Amma har lokacin ba ta ce mata komai ba, ni kuma zuciyata ba ta kwanta ba. Tausayi daban, sabo daban, kuma ba tausayi Inna ta zo nema ba.

Mun sauko, mun nufi ƙofar fita, ga mai gadi a tsaye. Saura 'yan taku kaɗan yarinyar ta tsayar da keke, ta sunkuya, ta ja mayafin Inna ta rufe mata fuska. Da ƙarfi, kowa na ji, ta ce, "Ke tsohuwa, ɓoye fuskarki kada ki motsa. In mai gadi ya gan ki cewa zai yi mun sato musu kaya."

Inna ta yaye mayafin ta juyo. Sai ta ƙyalƙyale da dariya har da buga cinya, ta ce, "Ja'ira! La ila, ashe kina da baki! Mai goshi kamar faranti, ni za ki mayar kayan tarihi?" Yarinyar ta ce, "Ai har kin fi ƙwarangwal ɗin can daɗewa." Inna tana dariya tana share hawaye da gefen mayafi, mai gadi yana kallonmu bai san me ake ciki ba, shi ma ya kama dariya. Maigida kuwa bayansa ya warke nan take.

Bayan azahar mun ci mandi a wani gidan abinci kusa da nan, shinkafa da naman rago a faranti ɗaya, riyal saba'in ya ishe mu har da saura. Inna ta ce yarinyar cin tsuntsu take shi ya sa ba ta da kyau, ita kuma ta ce wanda ba shi da haƙori bai isa ya yi maganar nama ba. A hanyar dawowa kujerar tsakiya ta cike, jakunkuna suka koma bakin ƙofa. Mun shigo Kharj ana kiran la'asar.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba a cikin gilashi na gan shi ba. Mu da muke renon 'ya'ya a ƙasar wasu muna koya musu gaisuwa da sunayen abinci mu ce sun iya Hausa, mu manta ba mu koya musu yadda mutanenmu ke son juna ba. Laifin nawa ne, ba na Inna ba, ba na yarinyar ba. Ni ma kunyar 'yar fari ta kusa sa in zuba ido uwata ta tafi da ciwo a zuciya. Wanda ke Riyad ko kusa, ya daure ya je gidan tarihin nan, ya tafi da wuri, ya sa takalmi mai daɗi, in da hali ya tafi da tsoho.

Muna shiga gida Inna ta zazzage akwatinta a tsakar ɗaki. Zanin baƙi ne mai shuɗi-shuɗi, da nauyi, yana ƙamshin marina. Yarinyar ta ɗaura shi a kan doguwar rigarta, ta karkace shi ta hagu, ya zame ya faɗi. Inna ta ce, "Kai, ni dai na shiga uku da wannan mummunar, ko ɗaurin zani ba ta iya ba." Yarinyar ta ɗauke shi daga ƙasa ta miƙa mata ta ce, "To tashi ki koya min, tsohuwa. Kwana biyu ya rage miki."

Yau Lahadi, ranar makaranta ce a nan, yarinyar ta ce ba za ta ba, na ƙyale ta. Ina rubutun nan ina jiyo su a ɗakin Inna, suna ta faɗa.